Yadda Kawu Ashafa Ya Auna Yaren Kwamfuta

A garinmu, can gefen Nasarawan Doya, in ka ce Malam Ashafa za a tambaye ka wanne. In ka ce Ashafa Sikeli, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidan. Kawuna ne, wan mahaifiyata, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa ni wannan rubutu. Kullum safiya ina zuwa in gaishe shi a durƙushe. Sai na fito ƙofar gida nake yin tsakina.

An haife shi ana saura 'yan shekaru Turawa su naɗe tabarmarsu. Shekarar da aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu yana elemantare, har an ba shi 'yar ƙaramar tuta ya yini yana kaɗawa a rana bai san dalili ba. Ba a daɗe ba aka zaɓe shi, shi da abokinsa Tukur, zuwa babbar firamare ta kwana a wajen Zariya. A can aka ƙera mana shi.

Makarantar tana da doka guda da ta fi sauran ƙarfi: ba a yin Hausa. Masu dokar sun tafi, amma waɗanda suka gada suka riƙe ta fiye da masu ita. Akwai wani ƙashin muƙamuƙin saniya da aka huda aka zura wa igiya. Duk yaron da Hausa ta kuɓuce masa, sai a rataya masa shi a wuya, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi ƙashin yana wuyansa, shi da bulala. Kawu ya gano hanya tun da wuri. In an jeru karɓar abinci sai ya take wa na bayansa ɗan yatsa da diddige. Yaro ya ce, "Wayyo ƙafata!" Shi ke nan, ƙashi ya sami sabon wuya. Tukur ya fi kowa shan wannan, don shi ne kullum a kusa da shi, ai aboki ne. Da bayansa ya gaji, wata ranar kasuwa ya bi motar masu rake ya dawo gida, bai sake komawa ba.

Kada ku zaci Kawu yana jin kunyar labarin nan. Shi yake ba da shi da bakinsa, yana shafa gemu. "Da ƙashi muka koya," in ji shi, "shi ya sa ya zauna."

Da ya gama aka ɗauke shi malamin sikeli a fulotin auduga, inda ake aunawa a saya. Lokacin auduga tana da mutunci, mai sikeli kuma ya fi ta. Manomi ya kwaso guminsa na shekara a kan jaki, ya tsaya yana kallon bakin wani saurayi mai gajeren wando da fensir a kunne. Abin da allura ta nuna shi ne darajarka, kuma Kawu da Turanci yake faɗa, don a san ba da ƙato ake magana ba. Shekarun da ya yi a gindin sikelin nan suka shige masa jiki. Tun daga nan duk abin duniya da nauyi yake gane shi. In zai sayi rediyo ba ya kunnawa, ɗagawa yake. An taɓa ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi a asibiti ya mayar, wai a ba shi na manya. Matarsa Inna Zulai ta ce ko tuwo aka kawo masa sai ya jinjina kwanon kafin ya yi bisimilla.

Auduga ta mutu, fuloti ya zama filin ƙwallo, Kawu ya dawo gida da Turancinsa da wani sikelin ratayewa da yake ba masu barkono aro. Da mutanen gari suka tashi gina makarantar al'umma, shi ya ba da fili. Allah ya saka masa, wannan kam alheri ne. Amma tun ranar ya zama shugaban kwamiti, kuma ba a taɓa yin zaɓe ba, don wa zai ce wa mai fili ya matsa?

Shagona na ɗinki yana jikin katangar makarantar, don haka abin da zan faɗa daga nan ba ji na yi ba.

Bara, farkon damina, Alhaji Sa'idu, ɗan garinmu mai sayar da kayan gyaran mota a Abuja, ya aiko da kwamfutocin cinya guda shida da farantan sola. Ya ce a koya wa yara yadda ake ba na'ura umarni ta yi abin da kake so, kuma zai zo bayan kaka ya ga abin da aka yi. Aka rasa malami, sai aka tuna da Ummuhani, 'yar Usmanu mai gyaran keke, wadda ta gama kwalejin ilimi tana zaune a gida tana taya uwarta suyar awara. Yarinyar nan da aka ba ta makullin ɗakin, kai ka ce kujerar Makka aka ba ta. Burinta ɗaya, kuma ta faɗa mini shi a shago ranar da ta kawo labulen taga: kowane yaro a ajin ya sa hannunsa ya sa na'urar ta yi wani abu da shi ya ƙirƙira, ko da ƙarami ne.

Ta fara musu da wani abu da ake kira Sikirach. Ba rubutu mai yawa, wasu tubala ne masu launi a fuskar kwamfuta, ka jawo wannan ka jona da wannan, sai wata kyanwa ta bi abin da ka jera. Da Hausa take bayani. Na ji ta ta taga tana tambayar 'yata Jamila, "In kina shuka, me kike yi?"

"In sara, in zuba iri, in rufe da ƙafa, in matsa gaba."

"Sai kuma me?"

"Sai in sake."

"Har yaushe?"

"Har ƙarshen kunya mana, Malama."

"To gaya wa kyanwar haka. Ba ta da wayo, sai kin faɗa mata inda kunyar ta ƙare."

Kafin masara ta yi goyo, wata yarinya Lantana ta zana akuya mai ƙafa biyar ta sa ta tana kutsawa gona, ana korarta da maɓalli. Ranar Asabar ɗakin nan har taga ake leƙe. Yaran da sai an bi su da tsumagiya suke zuwa makaranta, su ne suke jiran Malama a bakin ƙofa.

Wata Asabar Kawu ya biyo ta wurin da sandarsa. Ya ji abu biyu da ba ya so a makaranta: dariya da Hausa. Ya tsaya a taga ya daɗe yana kallo. Sannan ya leƙo shagona.

"Lado, wancan me ake yi?"

"Karatun zamani, Kawu."

"Kyanwa na gani."

"Ita ce malamar, Kawu. Ummuhani mataimakiya ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce a kira kwamiti.

Aka zauna a zaurensa bayan la'asar: shi, da hedimasta Malam Inuwa, da tsoho Tukur wanda yanzu ya fi kowa gonar rake a yankin, da ni a madadin iyaye. Aka ce Ummuhani ta zo da duk yarukan kwamfutar da ta sani a zaɓa. Ta zo da littattafai uku ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi babanta da jikin kakarta, sannan ta fara.

"Baba, wannan siririn na tubalan ne, shi muke yi yanzu. Wannan na tsakiya Fayiton ne, ana rubuta shi, amma yana da sauƙi. In sun saba da tubalan, baɗi sai mu koma kansa. Wannan babban kuma Si-fulos-fulos ne. Na kawo ne don an ce in kawo duka. Mu ma a kwaleji ɗanɗana mana shi kawai aka yi."

Kawu ya ce, "Wanne ya fi wuya?"

"Babban, Baba. Nesa ba kusa ba."

"Wanne manya suke yi?"

"Duka ana yi, Baba. Ya danganta da aikin."

"Ban tambaye ki ya danganta ba."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Muka zaci kama ruwa zai yi. Sai ga shi da sikelin barkono. Ya rataye shi a azara, ya kawo buhun da ake ɗora kaya, ya saka siririn littafin. Allura ko gezau. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar ya kama manomi da dutse a cikin auduga. Ya saka na tsakiya, allura ta ɗan yi murmushi. Ya saka babban, ƙugiya ta yi ƙara, allura ta zabura.

"To," in ji shi. "Ga ilimi."

Wallahi na duba fuskarsa ko wasa yake. Mutumin nan tun da nake ban taɓa ganin ya yi wasa ba.

Tukur ya cire goron bakinsa. "Ashafa, in nauyi ne ilimi, ai da jakina ne alƙalin Makarfi."

"Kai ka yi shiru. Wanda ya gudu daga aji biyar ba ya sa baki a maganar boko."

"Wa ya kore ni? Har yau in hadari ya haɗo sai ɗan yatsan nan ya tuna mini da kai."

"Da ka daure da yanzu kana jin Turanci."

"Da na daure da yanzu ina ba da aron sikeli."

Na ce, "Kawu, in haka ne a auna yaran ma mana. Wanda ya fi nauyi a ba shi na ɗaya, a huta da jarrabawa."

"Lado, uwarka ƙanwata ce. Kada ka sa in manta."

Ummuhani ta yi ƙasa da murya. "Baba, a yi mini haƙuri. Yaran nan ƙanana ne, wasu ko sunansu da ƙyar suke rubutawa. Wannan babban, kafin na'ura ta ce maka sannu sai ka rubuta layi da yawa na Turanci da alamomi, in ka kuskure ɗaya ta ƙi. Za su tsani abin."

"Madalla. Abin da yaro yake so ba karatu ba ne, alewa ce."

Muka juya ga hedimasta. Malam Inuwa ya dubi littafin, ya dubi Kawu, ya tuna a kan ƙasar wa ofishinsa yake zaune. Ya ce, "Gaskiya duka ɓangarorin suna da hujja, amma Baba ya ga jiya."

Haka aka yanke. Yare, babban. Bayani, da Turanci zalla. Kwamfuta kuma ba mai taɓawa sai ya haddace darasin da ka, don a cewar Kawu su ma sai da suka haddace jadawalin sau kafin a ba su alƙalami mai tawada.

Ummuhani ba ta ajiye aikin a ranar ba. Ta ce mini, "Baba Lado, bari in daure. Alhaji zai zo bayan kaka. Shi ya ga duniya, da ya shigo zai ce a kunna. In ya ga ba wanda ya iya komai, shi da kansa zai gyara maganar, ba sai na yi wa babba musu ba."

Daga nan Asabar ta canja. Kwamfutoci a rufe a kan tebur kamar gawa shida, Malama a gaban allo tana kwafe layuka daga babban littafin, yara suna bi da waƙa. Ba kalmomin kaɗai ba, har alamomin. Buɗe baka, rufe baka, ɗigo da waƙafi, duk da Turanci, duk da kari, suna kaɗa kai. Kawu ya sa aka kai masa kujera ƙofar ajin. In waƙar ta yi daɗi har lumshe ido yake.

Mako na gaba ya lura Hausa tana ɓullowa ta ƙarƙashin benci. Ya nemi ƙashi a wurin mahauta, Malam Inuwa ya roƙe shi ya ce masu duba makarantu za su yi magana. Sai ya tono wani mataccen linzamin kwamfuta a cikin kwalin da Alhaji ya aiko, wannan mai doguwar waya da suke kira maus, ya ƙulla bakin wayar. Ga abin wuya na zamani. Aka fara da Lantana, don ta ce wa ta kusa da ita, "Matsa." Kafin wata ya ƙare yaran da da suke haɗa kai a kan na'ura ɗaya suna gardamar yadda za a sa akuya ta yi tsalle, sun koma mintsinin juna a cinya. Jamila ta dawo gida da shatin farce. Na tambaye ta wa ya yi mata, ta ce ƙawarta ce, amma ba komai, ita ma ta rama a kan wata.

Na je wurin Kawu a kan wannan. Na durƙusa, na gaishe shi, na kawo maganar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka ga? Sun fara wayo."

Aji ya fara zubewa. Wannan an ce yana taya cirar gyaɗa, wancan ciwon ciki duk Asabar. Lantana ta daina zuwa gaba ɗaya. Waɗanda suka rage su ne waɗanda iyayensu suke gaishe da Kawu kullum safiya, kamar ni.

Aka yi kaka, Alhaji Sa'idu ya iso ranar wata Asabar da hantsi, da farar mota da ƙamshin turare. Aka shimfiɗa tabarmi, iyaye suka taru, har Usmanu mai keke ya wanke hannu ya sa babbar riga. Tun da asuba Ummuhani ta goge kwamfutocin ta yi musu caji, ta jera su inda ido zai fara sauka.

Kawu ya ɗaga sanda. Yara suka miƙe suka rera shafi guda cur, ba tuntuɓe, har da alamomin. Ni da na san ba wanda ya san ma'anar ko layi ɗaya a cikinsu, sai da tsigar jikina ta tashi, don muryar yara in ta haɗu ko sunayen kayan miya suke jerawa sai ta yi daɗi.

Alhaji ya zaro waya yana ɗauka. Ya ce a sake, aka sake. Ya juyo idonsa har da ƙwalla.

"Allahu akbar! Baba, ko a Abuja ban ga haka ba. 'Ya'yana can sai wasan zane suke yi a kwamfuta, makarantar kuma tsada kamar me. Ashe ilimin yana gida!"

"Mun zaɓa musu mai nauyin ne," in ji Kawu.

Alhaji ya juya. "Malama, sannu da ƙoƙari. Akwai wata matsala?"

Ummuhani ta dubi babanta, babanta ya dubi tabarma. Ta juya wajen Alhaji. "Ranka ya daɗe, da za a ɗan kunna ko ɗaya ce, a ga ko za su iya sa ta..."

"A'a, a'a, bar su!" Alhaji ya ɗaga hannu yana dariya. "Ni fa da na shigo na gan su sababbi fil, sai da hankalina ya kwanta. Duk hanya ina tunanin zan tarar an farfasa. Yara da ɓarna? A bar su a rufe sai sun ƙware. Baba, ka iya riƙon amana."

Tukur ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Aka ce ina zuwa, ga abinci ana kawowa? Ya ce zai je ya duba rakensa, su aƙalla in an ba su ruwa suna tsawo.

Ummuhani ba ta yi kuka a wurin ba. Ta taya rabon shinkafa, ta tattara kwanuka, ta share ajin. Washegari da safe ina zaune a zauren Kawu na zo gaisuwa ta yi sallama. Ta durƙusa ta ajiye makullin a gefen buzunsa, ta ce ta sami aiki a wani shagon buga takardu a Ikara, tana neman a yafe mata in ta yi kuskure.

Kawu ya ɗauki makullin ya jefa a aljihu. "Allah ya ba da sa'a. Dama na ga ba ki da juriya. Yaran yanzu ke nan."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta tashi ta fita. Ban bi ta da ido ba, don na san in na ga bayanta zan faɗi abin da zai sa a kira taron dangi.

"Yanzu wa zai koyar, Kawu?"

"Wa kake gani? Ba Turanci ba ne? Littafin yana nan, allo yana nan."

Kuma haka aka yi. Yau duk Asabar dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yana tsaye da tabarau a gaban yara 'yan ƙalilan, yana kwafar abin da bai sani ba yana ba waɗanda ba su sani ba, kowa yana kaɗa kai. Suna nan a farkon littafin. Na duba kaurin abin da ya rage, na ga in Allah ya ba Jamila tsawon rai, jikokinta za su kai tsakiya.

Makon jiya ya shigo shagona da yadin katifa a hammata, ya ce ƙura da ɓeraye suna damun kayan Alhaji, in ɗinka wa kowace kwamfuta riga. Na ɗauki awo. Na ce zif zan sa ko maɓalli?

"Me za a yi da zif? Yara su riƙa zugewa? Saka su ciki ka ɗinke bakin kamar buhu. In sun sauke littafin a farke."

Na ce, "Kawu, zare ɗaya ko biyu?"

"Biyu," in ji shi. "Ka bi ta kai sau biyu."